Kundin tsofaffin kalmomin Turanci: inda aikin ya kai

11 ga Janairu, 2025

Aikin da na sa a gaba shi ne ƙaramin kundi na tsofaffin kalmomin Turanci da waɗanda ba a cika jin su ba, da bayaninsu cikin Hausa. Ina yin sa ne domin ɗaliban da ake ɗora wa tsofaffin littattafan adabin Ingila, da masu fassara, da masu binciken da ke wuni kan fayilolin zamanin Turawa a gidan adana takardun tarihi na Kaduna. Ƙamusun da ke hannun yawancinmu na Turancin yau ne. In ma sun kawo tsohuwar ma'ana, can ƙarshe suke maƙala ta, babu shekara, babu misali.

Tsarin da zan bi na aro shi ne daga masu babban ƙamus na Oxford. A 1857 wata ƙungiyar masana harshe a Landan ta kawo shawarar yin sa, James Murray ya karɓi jagoranci a 1879, ya roƙi masu karatu a duk inda suke su riƙa aiko masa da 'yan takardu: kalma a sama, sunan littafi da shekararsa da shafi, sannan jimlar da kalmar ta fito a ciki. A wata rumfar kwano da ya kafa a gidansa ake tara su. Kashi na farko ya fito a 1884, bai ma gama harafin A ba. Murray ya rasu a 1915 yana kan harafin T, sai a 1928 aka kammala. Bugun 1989 mujalladi 20 ne.

Ni ma haka zan yi gwargwadon ƙarfina. Kowace kalma da katinta, kuma ba kalmar da za ta shiga sai da jimla da shekara.

25 ga Janairu

Sanyin bana ya sa na fara da apricity, wadda ake fassarawa da ɗumin rana a lokacin hunturu. Duk wanda ya taɓa fitowa shan hantsi da safiyar hunturu ya san abin da ake nufi, kuma kalmar tana da daɗin ji. Amma da na bi sawunta sai ta tsaya a ƙamus ɗin Henry Cockeram na 1623. Shi ya sa ta a littafi daga Latin, ba ta samu karɓuwa a bakin jama'a ba, sai a zamanin nan masu sha'awar baƙin kalmomi suka tono ta.

Irinta suna da yawa. Ƙamusun farko na Turanci, tun daga na Robert Cawdrey na 1604 mai kalmomi wajen 2,500, ba su damu da maganar yau da kullum ba, kalmomi masu wuya kawai suke tarawa, kuma wani yana kwafa daga wani. Ta haka kalma take iya shafe ɗaruruwan shekaru a takarda ba tare da uwa ta taɓa faɗa wa ɗanta ita ba. Akwai ma wadda kuskure ne ya haife ta ɗungurungum. A babban ƙamus ɗin Webster na Amurka, bugun 1934, an sa dord da ma'anar nauyin abu gwargwadon girmansa. Asalinta wata 'yar takarda ce da aka rubuta "D or d", ana nufin babban harafi ko ƙarami a matsayin taƙaitawar density, wani ya haɗe su suka zama kalma. Sai a 1939 wani edita ya lura ba ta da asali.

Na yanke shawarar irin su apricity za su shiga kundin, amma da alama a gefensu mai nuna cewa 'yan ƙamus ne, kada ɗalibi ya ɗauka haka mutanen da suke magana.

9 ga Fabrairu

Wannan makon ya sauya mini alƙiblar aikin.

A shafin farko na fasfo akwai roƙon da ake yi cewa a bar mai ɗauke da shi ya wuce "without let or hindrance". Na tambayi ɗalibaina ma'anar let a nan, duka suka ce bari ko ƙyalewa. To in haka ne, jimlar ta zama a bar shi ya wuce ba tare da an bar shi ba. Gaskiyar magana kalmomi biyu ne a tsohon Turanci, lætan mai nufin bari da lettan mai nufin hanawa ko jinkirtawa, 'yar'uwar late. Furucinsu ya zo ya haɗe, ta hanawar ta ja da baya, ta rage a fasfo da kuma wasan tanis, inda ake kiran let idan ƙwallon farko ya taɓa raga aka sake bugu.

Abin da na gani a fuskokin yaran nan shi ne babu wanda ya yi shakka. Da baƙuwar kalma ce da sun tsaya sun buɗe ƙamus. Wadda suka sani ce ta yaudare su, kuma ina ganin nan ne ainihin haɗarin tsohon Turanci yake. Baƙuwar kalma tana tsayar da mai karatu. Sananniya kuwa wucewa yake yi da ita da gudu, ya tafi da ma'anar da marubucin bai taɓa nufi ba.

Fassarar Baibul ta 1611, wadda Sarki James ya sa aka yi, cike take da irin wannan, kuma ta yi tasiri a rubutun Ingilishi na ƙarnoni. A cikinta prevent na nufin riga wani zuwa, daidai da asalinta na Latin, ba hanawa ba. Suffer tana iya nufin ƙyale. Conversation hali ne da yadda mutum ke zama da jama'a. Meat abinci ne kowane iri, shi ya sa har yanzu ake ce wa alewa sweetmeat alhali babu nama a ciki.

Waɗansu sun yi tafiya mai nisa ƙwarai. Nice daga nescius take, wato wanda bai sani ba. A wajajen 1300 wawa ake ce wa haka, daga baya ta koma mai tsirfa da yawan zaɓe, ta koma mai ƙididdigewa daidai wa daida, sai a ƙarni na 18 ta zama abu mai daɗi. Silly kuwa akasin hanyar ta bi. Asalinta sælig, wato mai albarka, kamar yadda selig take har gobe a Jamusanci. Daga mai albarka ta koma marar laifi, daga nan abin tausayi, daga nan mai rauni, ta ƙare a sakarai. Wanda ya san yadda muke cewa "ai wane bawan Allah ne" wani lokaci don yabo, wani lokaci muna nufin ba shi da wayo, ba zai yi mamakin wannan gangarowar ba. Deer kowace dabba ce kafin ta taƙaita ga dangin barewa. Girl yaro ne ƙarami, namiji ko mace. Starve mutuwa ce ko ta wace hanya.

Saboda haka kaso mafi girma na kundin zai koma kan waɗannan. Baƙin kalmomin su biyo baya.

16 ga Maris

Azumi ya rage mini gudu, sai bayan tarawihi nake ɗan zama. Na ɗauki waɗanda suka shiga Turanci daga Larabci, tunda hanyarsu ba baƙuwa ba ce a gare mu.

Alcohol daga al-kuhl take, wato kwalli. A Turancin ƙarni na 16 gari mai laushi ƙwarai ake nufi da ita. Masu haɗa magunguna suka faɗaɗa ta zuwa duk wani tataccen abu da aka fitar daga wani, har aka riƙa cewa alcohol of wine, daga baya aka yar da sauran aka bar ta ita kaɗai da ma'anar da aka sani yanzu. Magazine daga makhazin, rumbunan ajiya. Ma'ajiyar makamai da albarushi ce tun farko, shi ya sa har yau ake kiran gidan harsashin bindiga da wannan suna. Edward Cave ne ya sa wa mujallarsa sunan a 1731, yana nufin rumbun labarai, sunan ya bi duk mujallun da suka zo baya. Wanda ya karanta a tsohon rahoton yaƙi cewa magazine ta kama da wuta, to ba takarda ce ta ƙone ba.

12 ga Afrilu

Na kai katunan kalmomin shari'a wurin wani dattijo abokin mahaifina, wanda ya yi shekaru yana magatakardan kotu kafin ya yi ritaya. Ya ɗauki na demise ya nisanta shi da idonsa ya karanta.

"Ɗana, me ka rubuta nan?"

"Mutuwa, Baba, sai kuma miƙa gida ko fili ta hanyar haya."

"To juya su. Hayar ita ce gaba. Na sha ganin mutum ya zo da takarda hannunsa na rawa, wai an rubuta demised premises, yana tambaya wa ya rasu. Ba wanda ya rasu, gidan da aka ba shi haya ake nufi."

Tarihin kalmar ma bayansa yake. Miƙawa ce asalinta. Da yake rasuwar sarki ita ke miƙa sarauta ga magaji, sai aka riƙa sakaya rasuwar da wannan kalma, har ta rinjayi ta farkon a bakin mutane. Ya ƙara mini da determine, wadda a yarjejeniyar haya take nufin ƙarewa, da presents a cikin "by these presents", wato wannan takarda da ke gabanka, babu wata kyauta. Ya kuma tuna mini da inst. da ult. da prox. na tsofaffin wasiƙun ofis: watan da ake ciki, watan jiya, watan gobe. Mai bincike da bai san su ba zai iya sa wa wasiƙa kwanan watan da ba nata ba, kuma daga nan jerin abubuwan da suka faru ya rikice masa.

Dalilin da ya sa harshen kotun Ingila ya zama haka a bayyane yake. Bayan William na Normandi ya ci ƙasar a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da shari'a, Latin na rubutu, Turanci na talakawa. A 1362 aka yi dokar cewa a riƙa yin ƙara da Turanci, amma lauyoyi suka ci gaba da wani gaurayayyen Faransancinsu har ƙarnoni bayan haka. Daga nan aka gaji ɗabi'ar jera kalmomi biyu masu ma'ana kusan ɗaya, sau da yawa ɗaya ta gida ɗaya baƙuwa: will and testament, goods and chattels, breaking and entering. Chattel da cattle tushensu ɗaya, domin dukiyar da ake iya kaɗawa a tafi da ita a wancan zamani dabbobi ce. Mortgage kuwa matacciyar jingina ce a Faransancin da.

Baba ya riƙe katunan ya ce zai duba sauran a tsanake, in koma bayan mako biyu.

3 ga Mayu

Kuɗi da awo. Nan aikin ya yi sauƙi, domin dattawanmu sun riƙe wannan kuɗin da hannunsu kafin naira ta zo a 1973. Fam ɗaya sule 20, sule kwabo 12, ke nan fam kwabo 240. Sisi da taro da fataka duk suna da takwarorinsu. Abin da ke ɗaure wa matasa kai shi ne harafin d da ke bin adadi, kamar 6d. Daga denarius na Rumawa yake, tushen da dinari ma ya fito. Farthing rubu'in kwabo ne, an daina karɓarsa a Ingila daga ƙarshen 1960, sauran tsarin kuma ya tafi a Fabrairun 1971. Guinea tsabar zinariya ce da aka fara bugawa a 1663 da zinariyar gaɓar Afirka ta Yamma, daga 1717 aka tsayar da ita a sule 21. An daɗe da daina buga ta, amma har yanzu da ita ake ƙidaya a wasu kasuwannin gwanjon dawakin tsere.

Fathom ƙafa shida ce, asalinta tsawon hannaye biyu a miƙe, daidai da gaba a wajenmu. Da ita masu jirgin ruwa ke auna zurfi, daga nan ta zama gane zurfin magana. Furlong yadi 220 ne, tsawon kunyar da shanun huɗa ke ja kafin su juya. Don tabbatar da tsofaffin sunayen awo na Hausa, irin su taƙi da kamu da gaba, ƙamus ɗin Bargery na 1934 nake dubawa.

Sai corn, wadda ta fi duka cin mutane. A Ingila hatsi ce gaba ɗaya, galibi alkama. Amurkawa ne suka taƙaita ta ga masara. Dokokin da ake kira Corn Laws, waɗanda aka soke a 1846 bayan doguwar taƙaddama kan tsadar burodi, ba ruwansu da masara. Na ga an fassara su da dokokin masara, kuma abin ya dame ni, domin wanda ya karanta haka ba zai taɓa gane me ya haɗa su da yunwar ma'aikatan masana'antu ba. Billion ma haka: a Birtaniya miliyan sau miliyan ce kafin gwamnati ta koma lissafin Amurka a 1974.

24 ga Mayu

Thou da you. Yawancin masu karatu sun ɗauka thou ta girmamawa ce, saboda a addu'o'i da tsofaffin waƙoƙi kawai suke ganinta. Abin ba haka yake ba. Thou da thee na mutum ɗaya ne, kai ko ke. Ye da you jam'i ne, ku. Daga ƙarni na 13, bisa koyi da Faransawa, aka fara ce wa babba you, kamar yadda ake ce wa dattijo ku a gidaje da yawa. Thou ta rage ta yara da barori da masoya da wanda ake so a wulaƙanta. A shari'ar Walter Raleigh a 1603, mai gabatar da ƙara Edward Coke ya riƙa jefa masa thou da gangan don cin fuska. Mabiya ɗariƙar Kirista ta Quaker, waɗanda suka ƙi bambanta mutane a magana suka riƙa ce wa kowa thou, sun sha duka a kan haka.

Ga mai fassara wasan kwaikwayo na wancan zamani wannan ba ƙaramin abu ba ne. Inda mutum ya sauka daga you zuwa thou a tsakiyar zance, to ko fushi ya zo ko ƙauna ta bayyana. Hausa tana iya nuna wannan sauyi da ku da kai, abin da Turancin yau ya rasa.

Na ƙara ɗan shafi kan haruffa. Tsohon Turanci yana da harafin þ mai sautin th. Bayan William Caxton ya kafa maɗaba'a a Westminster a 1476, haruffan ɗab'i daga ƙasashen Turai ake kawo su, inda ba a san wannan harafi ba, sai aka riƙa sa y a madadinsa. Don haka ye da ke gaban suna a tsofaffin alluna the ce, haka kuma ake karanta ta. Akwai kuma doguwar s mai kama da f, wadda ta cika littattafai har wajajen 1800.

14 ga Yuni

Na shafe kwanakin nan cikin ƙamus ɗin kare-karen harshen Turanci na Joseph Wright, mujalladi shida, daga 1898 zuwa 1905. Labarin mutumin kansa ya taɓa ni. An haife shi a 1855 kusa da Bradford, yana ɗan shekara shida ya fara aikin jan jaki a wurin fasa dutse, daga nan ya shiga masaƙa. Sai da ya kai wajen shekara 15 ya koya wa kansa karatu. Ya je Jamus ya yi digirin digirgir a Heidelberg, a 1901 ya zama farfesa a Oxford. Maganar manoma da masaƙa da masunta, wadda masu ilimi ke rainawa, ita ya tattara, har da kuɗin aljihunsa. A irin wannan magana ta arewacin Ingila starved tana nufin sanyi ya kama mutum, ragowar tsohuwar ma'anar nan ta mutuwa ko ta wace hanya.

Sunayen sana'o'i da yawa sun ɓuya a sunayen iyali. Cooper mai haɗa ganga ne, Fletcher mai yin kibiya, Wainwright mai ƙera amalanke, Chandler mai kyandir. Fuller da Walker da Tucker sana'a ɗaya ce, tattaka ulu cikin ruwa don ya yi kauri, kowane yanki da sunan da yake kiranta. Cordwainer baduku ne mai ɗinka sabon takalmi, sunansa daga fatar Ƙurɗuba ta Andalus, kuma ya bambanta da cobbler mai gyaran tsoho. Spinster mai kaɗi ce kafin ta zama sunan da doka ke ba macen da ba ta taɓa aure ba. Lord da lady ma daga burodi suke: hlafweard mai tsaron burodi, hlæfdige mai kwaɓa shi.

5 ga Yuli

Baba ya dawo da katunan shari'a da gyare-gyare da jan biro, na shigar da su. Yanzu matsalar da ke gabana ta jeri ce. Masu Oxford suna fara kawo ma'ana mafi tsufa su gangaro. Hakan ya dace da masanin tarihin harshe, amma ɗalibin da ke riƙe da littafin 1750 so yake ya san me nice ke nufi a shekarar, ba tare da ya bi dukkan tarihinta ba. Abin da na tsayar shi ne kowace ma'ana za ta zo da ƙarnin da ta yi tashe a gabanta, da baƙin rubutu, yadda ido zai sauka kai tsaye kan zamanin da ake nema. Kalmomin da ma'anarsu ta yau ke iya yaudara za su samu alamar gargaɗi. Wannan yana nufin sake rubuta katunan watannin farko, na kuwa fara.

Sashe na gaba na cututtuka ne. Tun ƙarshen ƙarni na 16 aka fara fitar da jerin mace-macen Landan mako-mako, daga baya aka riƙa sa sunan ciwon da ya kashe kowa, John Graunt ya yi nazarinsu a 1662, kuma sunayen suna ciki birjik. Consumption galibi tarin fuka ne, ague zazzaɓi mai rawar ɗari, dropsy kumburin jiki da ruwa, flux gudawa. Consumption za ta samu alamar gargaɗi, tunda yau a darasin tattalin arziki ake jin ta. Zan nemi likita ya duba mini fassarar kafin in shigar, domin tsohon suna ɗaya yakan rufe cututtuka biyu ko uku da likitocin yanzu suka rarrabe.